Hannu a Mokolo, Ido a Garwa: Karanta Hoton Eko Daga Nesa

Yawancinmu a arewacin Kamaru ta hanyar mata masu juna biyu muka san hoton eko, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da sauti. Tun da aka kawo tsarin Chèque Santé a jihohin Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, inda mace ke biyan sefa 6,000 a kula da ita tun daga awo har bayan haihuwa, zancen "an yi mata eko" ya shiga kowane gida. Shi ya sa idan aka ce wa dattijo za a yi masa eko sai ya yi turus. Alhali na'urar tana da wani babban aiki da ba a cika maganarsa ba, wato duba masu ciwon da ba ya warkewa a sati ɗaya ko biyu, irin su ciwon zuciya da na hanta da na ƙoda, waɗanda mutum ke zama da su shekara da shekaru. A kan wannan ne ake ta yayata wata dabara: malamin asibiti na ƙauye ya ɗauki hoton a gefen gadon majiyyaci, ya tura ta intanet, ƙwararren likita da ke birni ya duba ya aiko da bayani. Ina goyon bayan dabarar, kuma na yi imani za ta iya ceton rayuka da yawa a yankinmu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda ake nuna kamar da an sayi na'ura an samu rezo, wato layin intanet, magana ta ƙare.

Mutum ya zo ƙaramin asibiti a yankin Mokolo ko Kaele, ƙafafu sun kumbura har takalmi ba ya shiga, numfashi sama-sama, da dare ba ya iya kwanciya sai ya jingina da bango. Malamin asibiti yana da abin awon jini da abin sauraren ƙirji, sai kuma basirarsa. Zai ba da Lasilix, maganin nan mai sa fitsari, ya ce a rage gishiri da magi. Kumburi ya saɓe, iyali su yi godiya, bayan wata guda a dawo da mutum ya fi da. Malamin bai yi sakaci ba. A ƙarƙashin wannan kumburi guda akwai cututtuka daban-daban da kunne ba ya iya rarrabe su sosai. Wani hawan jini ne ya daɗe yana wahalar da zuciyarsa har namanta ya yi kauri ya ƙage. Wata zuciyarta ce ta buɗe ta yi laushi bayan haihuwa. Wani yaro ne ɗan shekara 15 da ciwon maƙogwaro na ƙuruciya ya lalata masa ƙofar zuciya. Wani kuwa zuciyarsa ƙalau take, tarin fuka ne ya tara ruwa a jakar da ta lulluɓe ta, ruwan yana danne ta. Akwai kuma wanda hantarsa ce ta ƙeƙashe, ko ƙodarsa ta gaza.

Maganinsu ya sha bamban. Mai raunin zuciya yana buƙatar magunguna irin su enalafiril da kabedilol da sifironolakton, a fara da kaɗan ana ƙarawa sannu a hankali. Yaron nan allurar fenisilin yake buƙata duk bayan sati 3 ko 4, shekara da shekaru. Mai ruwa a jakar zuciya maganin tarin fuka na wata 6 zai sha, wani lokaci sai an zuƙe ruwan da allura, kuma idan aka dage masa da maganin fitsari ana iya jefa shi cikin haɗari, don zuciyar da ruwa ya danne tana buƙatar jini ya cika ta kafin ta iya bugawa. Wani bincike da aka buga a 2012, wanda ya bi majiyyata 1,006 masu gazawar zuciya a asibitocin ƙasashen Afirka 9, ciki har da Kamaru da Najeriya, ya nuna cewa matsakaicin shekarunsu 52 ne, kuma hawan jini ne kan gaba wajen haddasa ciwon. Mai shekara 52 a wurinmu shi ne mai ciyar da gida, shi ke biyan kuɗin makaranta.

Yawancin waɗannan cututtuka ana iya rarrabe su cikin mintuna kaɗan idan aka leƙa zuciyar da eko. Gani ya kori ji. Na'urar tana tura sauti ne cikin jiki, sauti mai kaɗawa sau miliyan 2 zuwa 5 a daƙiƙa, wanda kunnen mutum ba ya ji. Sautin ya daki nama ko ruwa ya dawo, na'urar ta lissafa lokacin da ya ɗauka ta zana hoto. Ruwa yana fitowa baƙi, nama toka-toka. Ba ta da tururin nan mai cutarwa irin na hoton ƙashi, saboda haka ana iya maimaitawa sau nawa aka ga dama. A da, na'urar babba ce mai ƙafafun taya, tana son wuta tsayayyiya da ɗaki mai sanyi. Daga wajen 2010 aka fara samun ƙanana, sannan Lumify na kamfanin Philips ya fito a 2015, Butterfly iQ kuma ya samu izini a Amurka a 2017 da farashin kusan dala 2,000. Waɗannan a aljihu ake sa su, a jona su da wayar hannu, a yi musu caji da ƙaramin faranti mai aiki da hasken rana. Ga yankin da wutarsa ta dogara da madatsar Lagdo mai megawat 72, wadda ƙarfinta ke raguwa idan ruwan Binuwai ya ja baya, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

To amma a nan ne mutane da yawa ke rikita eko da sauran gwaje-gwajen da ake turawa nesa. Injiniyan nan ɗan Kamaru, Arthur Zang, ya ƙera Cardiopad, wata na'ura da ke ɗaukar zanen bugun zuciya a ƙauye ta tura wa likita a birni, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2014. Wannan gwaji wayoyinsa suna da wuraren da ake manna su a ƙirji da hannu da ƙafa, wuraren ba sa canzawa, kuma idan aka manna daidai zanen da zai fito ɗaya ne ko wa ya ɗauka. Hoton ƙirji ma haka, mutum ya tsaya ya riƙe numfashi a danna. Eko kuwa hannun mai ɗauka ne ke ƙirƙirar hoton. Kamar mai leƙen ɗaki mai duhu ne da tocila ta kafar ƙofa, inda ya haska nan kaɗai za a gani. Ƙashi da iska suna tare sautin, zuciya kuma tana zaune ne a bayan haƙarƙari, huhu ya kewaye ta, sai an nemi 'yan kafofi tsakanin ƙashi da ƙashi. Likitan da ke Garwa ko Yawunde, komai ƙwarewarsa, ba zai ga abin da malamin Mokolo bai haska ba.

Ga yadda aikin yake a zahiri. Mai jego ce, wata biyu da haihuwa, an kawo ta tana haki, mahaifiyarta na riƙe da jariri. Malamar asibiti ta ja labule ta ce, "Inna, zauna nan kusa da ita. Ƙanwata, kwanta ta gefen hagu, ki sa hannunki ƙarƙashin kai." Kwanciyar hagu tana matso da zuciya kusa da bangon ƙirji. Ta shafa man nan mai sanyi, ta ɗora bakin na'urar tsakanin haƙarƙari dab da ƙashin tsakiyar ƙirji ta hagu, alamar da ke jikinsa tana kallon kafaɗar dama. Da farko allon wayar ba ya nuna komai sai hazo. Ta sauko haƙarƙari ɗaya, ta karkata hannu kaɗan, sai ga zuciyar a kwance, ƙofofinta suna buɗewa suna rufewa. Ta ɗauki bidiyo na 'yan daƙiƙu. Ta murɗa na'urar zuwa kafaɗar hagu ta sake ɗauka, wannan karon zuciyar ta fito kamar zobe. Sannan ta koma ƙasan maman hagu inda bugun ke taɓa yatsa, don ganin ɗakuna huɗu a lokaci guda, sai ƙarƙashin ƙahon zuci don duba ruwa da babbar jijiyar da ke mayar da jini, sai bayan ƙirji don ganin ko ruwa ya taru a huhu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da kuskuren da ke ɓoye a cikinsa. Idan ta ɗora na'urar sama da inda ya kamata a ƙasan mama, zuciyar za ta fito gajeriya kuma ta nuna kamar tana matsawa da kyau alhali ta raunana. Idan ta juya alamar, dama ta koma hagu. Ruwan da ke gefen huhu yana iya kama da na jakar zuciya ga wanda idonsa bai saba ba.

Ƙwararre nagari zai gane hoton da aka ɗauka ba daidai ba ya ce a sake. Abin da ba zai iya ganewa ba shi ne wurin da ba a duba ba sam. Wannan ne ya sa nake ganin kuɗin da ya fi muhimmanci a duk tsarin shi ne wanda aka kashe kan mai riƙe na'urar. Horon kwana uku a ɗakin taro ba ya koya wa hannu komai. Sai mutum ya ɗauki hotuna masu yawa a kan majiyyata na gaske, siriri da mai jiki, tsoho da yaro, ana gyara masa. Kuma a nan ne karatun nesa ke da amfanin da ya fi wanda ake tallatawa. Duk hoton da aka tura aka dawo da shi da gyara, "ki sauko ƙasa kaɗan", "ki rage haske", "wannan baƙin layin ruwan huhu ne", darasi ne. Ya kamata malamar ta rubuta abin da ita ta gani kafin ta tura, sannan a gwama da na ƙwararren. Bayan watanni za a ga inda idonta ya nuna da inda bai nuna ba, har a kai lokacin da za ta yanke hukunci da kanta a kan abubuwa bayyanannu, ta tura masu wuya kawai. Tsarin da bayan shekara biyar har yanzu malamin ƙauye ɗan aike ne, ya ɗauka ya tura ya zauna jira, bai gina komai ba.

An gwada wannan a wasu wurare. A asibitocin karkarar Ruwanda, fiye da shekara 15 da suka wuce, aka koya wa ma'aikatan jinya duba zuciya da eko ta hanya mai sauƙi, su sa majiyyaci a ɗaya daga cikin 'yan rukunai kaɗan su fara magani, likitan zuciya ya zo daga baya ya tabbatar. Daga irin wannan aiki ne aka samo tsarin PEN-Plus, wanda ministocin lafiya na ƙasashen Afirka suka amince da shi a taron Hukumar Lafiya ta Duniya a Lome cikin Agustan 2022, don kai kulawar masu ciwon zuciya da sikila da ciwon suga na yara zuwa asibitocin gunduma. Sirrin abin shi ne taƙaita tambaya. Ba a ce wa ma'aikacin jinya ya zama likitan zuciya ba. An ce ya amsa abubuwa kaɗan: zuciyar tana matsawa ko ta raunana, akwai ruwa kewaye da ita ko babu, ƙofar nan ta hagu ta tsuke ko tana buɗewa, ɓangaren dama ya kumbura ko a'a. Amsar kowacce tana canza maganin da za a ba mutum a ranar.

Batun yara ya fi taɓa ni. Ciwon maƙogwaro da ba a yi wa magani ba yana iya sa garkuwar jiki ta juya ta auka wa ƙofofin zuciya, ɓarnar kuma tana tafiya shiru tsawon shekaru. A 2007 aka buga sakamakon duba 'yan makaranta a Mozambik da Kambodiya, inda eko ya gano masu wannan lahani kusan ninki 10 na abin da sauraren ƙirji ya gano. Daga baya aka yi gwaji a arewacin Yuganda kan yaran da eko ya nuna ciwon ya fara taɓa su amma ba su fara jin komai ba. Cikin shekara 2, yara 3 kacal cikin 399 da aka yi wa allurar fenisilin duk sati 4 ne ciwonsu ya ƙaru, a rukunin da ba a yi wa allurar ba kuwa 33 cikin 400. Idan aka bari ƙofar ta lalace, sai tiyata, tiyatar zuciya kuma miliyoyin sefa take ci. Cibiyar tiyatar zuciya ta Shisong da aka buɗe a 2009 tana can jihar Arewa maso Yamma, nesa da mu, ga kuma rikicin da ya dabaibaye yankin. Sai dai gano farkon wannan ciwo yana daga cikin ayyuka mafi wuya a eko, har ƙwararru suna saɓani a kai, shi ya sa Tarayyar Ƙungiyoyin Zuciya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji a 2012 ta sabunta su a 2023. A nan ido na biyu daga nesa wajibi ne, don cewa yaro yana da ciwon zuciya alhali ba shi da shi yana nufin allura mai zafi kowane wata da fargabar iyaye ba gaira ba dalili.

Masu jego kuma namu ne na gida. Raunin zuciya bayan haihuwa ya yi yawa a ƙasar Hausa fiye da yawancin sassan duniya. Binciken da aka yi a Zariya a shekarun 1970 ya danganta shi da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gado mai wuta a ƙarƙashi, bincike na baya-bayan nan a Kano da wasu biranen Najeriya kuma ya fi karkata ga talauci da rama da hawan jinin masu ciki da ƙarancin sinadarin seleniyom. Ko mene ne sanadin, mata da yawa zuciyarsu tana farfaɗowa idan sun samu magani, wasu kuma ba ta dawowa. Hoton da aka sake ɗauka bayan wata 6 shi zai nuna ko mace za ta iya ɗaukar wani cikin ko kuwa hakan zai iya kashe ta. Wannan magana ce da za a yi da ita da mijinta, wani lokaci har da uwar miji, kuma wanda suka sani suka yarda da shi ne zai iya yin ta. Likitan nesa bayani kawai zai rubuta.

A bakin Logon da tafkin Maga da gonakin shinkafar Yagwa da kewayen Lagdo, tsargiya ce ke da ƙarfi. Nau'i ɗaya yana lalata mafitsara da hanyar fitsari, ɗaya yana sa hanta ta yi tauri a kewayen jijiyoyinta, saifa ta kumbura, wata rana mutum ya kama aman jini. Ƙa'idojin duba wannan da eko a Yamai aka tsara su, a wani taron Hukumar Lafiya ta Duniya na 1996, kuma sun ƙunshi zanen hotuna da ake gwama abin da aka gani da su, abin da ya dace ƙwarai da karatun nesa. Ciwon hanta nau'in B kuwa, wanda ya yi katutu a arewacin Kamaru da Chadi, lamarinsa ya fi sarƙaƙiya. Ana ba wanda hantarsa ta ƙeƙashe shawarar yin eko duk wata 6 don a kama sankarar hanta tun tana ƙarama. Amma ƙananan na'urorin aljihu ba su kai manya kaifi ba, kuma neman ƙullutu ɗan ƙarami a cikin hanta mai tabo yana buƙatar a share ta lungu-lungu. Idan aka tura bidiyo uku aka ce "ba a ga komai ba", mutum zai tafi gida da kwanciyar hankalin da ba a tabbatar ba. Ni a ganina a wannan fanni a tsaya ga abin da na'urar ke iyawa, wato ruwan ciki da girman saifa da alamun ƙeƙashewa, a kuma fi mayar da hankali kan gwajin jini da samar da maganin tenofobir.

Ƙoda ma haka. Eko ba ya kama farkon ciwon ƙoda, wannan aikin gwajin fitsari ne da na jini. Abin da yake nunawa da kyau shi ne ko ƙodar ta tsuke ta ƙanƙance, alamar ciwo ya daɗe, ko kuwa ta kumbura ne saboda fitsari ya rasa hanyar fita. Na biyun yakan samu dattawa, kuma robar fitsari kaɗai tana iya kuɓutar da ƙodar kafin a kai ga wankin ƙoda a Garwa ko Marwa. Hawan jini da ciwon suga kuwa, waɗanda su ne tushen yawancin wannan ɓarna, ba sa buƙatar eko don a gano su. Ina tsoron kada ƙyallin sabuwar na'ura ya janye kuɗi da hankali daga abin awon jini mai aiki da tsinken gwajin suga da amlodifin, maganin hawan jini, a kan kanta.

Sai batun lokaci, wanda shi ne ke kashe tsare-tsare da yawa. Hanya biyu ce ake bi. Ko dai likita ya kalli allon kai tsaye yana cewa "matsa dama, karkata", ko a ɗauka a adana a tura ya duba idan ya samu sarari. Ta farko tana son rezo mai ƙarfi da likitan da ke zaune a daidai wannan lokaci, abubuwa biyu da ba kasafai suke haɗuwa ba a bayan duwatsun Mandara. Ta biyu ita ta dace da mu, kuma ita ƙungiyar likitocin MSF ke amfani da ita a dandalinta tun 2010. Tun kafin nan, shirin RAFT da aka fara a Mali a 2001 tare da asibitin jami'ar Janiba ya haɗa likitocin ƙasashe masu magana da Faransanci ta intanet. Ana cewa mai ciwon da ya daɗe zai iya jiran amsa kwana biyu. A likitance gaskiya ne. Amma mutumin ƙauye ranar kasuwa yake zuwa asibiti, Laraba a Mokolo, Lahadi a Mora, Talata a Pus, don ranar ce ake samun mota kuma ranar ce ya sayar da akuya ko buhun gero. Idan la'asar ta yi amsa ba ta zo ba zai bi motar ƙauyensu, kuma dawowa wani kuɗin ne da ba lalle ya samu ba, balle da damina idan ruwa ya yanke hanya. Saboda haka a tsara ranar duba masu irin wannan ciwo ta dace da ranar kasuwa, a kuma sa likita guda a Marwa ko Garwa wanda aikinsa a ranar shi ne karanta hotunan wannan gunduma kafin azahar ta wuce.

Wannan likita kuwa sai an biya shi. Yawancin shirye-shiryen nan da 'yan sa-kai suke farawa, likitoci masu kirki a Turai ko Duwala da ke dubawa da dare bayan sun tashi aiki. Allah ya saka musu. Amma kulawar da za ta ɗauki shekara ashirin ba za ta tsayu a kan alheri kaɗai ba. Na fi son a ce masu karatun 'yan yankin ne, musamman yanzu da ake koyar da aikin likita a Garwa. Likitan da ya san tsargiya da jego, ya san abin da ke kantin magani na gunduma da abin da babu, zai rubuta bayanin da za a iya aiki da shi. Shafi biyu na ma'aunai cikin Faransancin ƙwararru ba ya taimakon malamin da zai juya ya yi bayani da Hausa ko Fulatanci ko Larabcin Shuwa. Layi uku sun isa: ga abin da na gani, ga abin da za ka yi yau, ga ranar da za a sake dubawa ko a turo shi. Akwai kuma tambayar wanda zai ɗauki alhaki idan aka yi kuskure, musamman idan mai karatun yana wata ƙasa ba shi da rajista a Kamaru. Kuseri ta fi kowa jin wannan, don Injamena tana tsallaken gada, Marwa kuwa kusan kilomita 260 ce ta Waza da Mora. Hankali zai ce likitan Injamena ya karanta hoton Kuseri, amma sai hukumomin ƙasashen biyu sun zauna sun amince.

Sau da yawa ta WhatsApp ake tura hotunan, don shi ne a hannun kowa. Yana matse bidiyo har kaifinsa ya ragu, hoton majiyyaci yana zama a wayar ma'aikaci tare da hotunan biki, kuma ana iya tura shi ga wanda bai dace ba da kuskuren yatsa. A Chadi an toshe shafukan sada zumunta daga Maris 2018 zuwa Yulin 2019, asibitin da ya dogara da su kaɗai da aikinsa ya tsaya. Kamaru ta yi dokar kare bayanan mutane a Disambar 2024, kuma ko babu doka, mace tana da haƙƙin a gaya mata cewa hoton cikin jikinta zai je wurin wani, a cire sunanta a sa lamba. Kunya ma gaskiya ce da ba za a tsallake ba. Duban zuciya yana buƙatar buɗe ƙirji, mata da yawa ba za su yarda namiji ya yi musu ba, mazajensu ma haka. Idan ba a horar da ungozomomi da malaman asibiti mata ba, rabin majiyyatan ba za su amfana ba.

Ƙirƙirarriyar basira ta fara shigowa. A Fabrairun 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta ba da izini ga wata manhaja mai suna Caption Guidance, wadda ke nuna wa mai ɗauka inda zai matsa hannu ta kuma adana hoton da kanta idan ya yi kyau. Wannan yana taɓa ainihin raunin da na ambata, kuma ina maraba da shi. Sai dai kafin a dogara da hukuncin irin waɗannan manhajoji a kan cututtukanmu, a gwada su a kan majiyyatanmu. A kuma tambayi mai sayarwa tun farko ko na'urar tana da kuɗin rajista na shekara-shekara, da abin da zai daina aiki idan ba a biya ba, da yadda take yi idan zafi ya haura 40 a watan Afrilu, don ƙananan na'urorin nan suna ɗaukar zafi su kashe kansu.

Abu na ƙarshe shi ne adanawa. Mai ciwon zuciya ko hanta ba sau ɗaya ake duba shi ba, kuma darajar hoton bana tana cikin gwama shi da na bara. A wurinmu mutum goma suna iya amsa suna ɗaya a gari ɗaya, da yawa ba su san ranar haihuwarsu ba, katin asibiti kuma yakan ɓace ko ruwa ya ci shi, kamar yadda ambaliyar 2022 da ta 2024 suka yi wa gidaje da yawa a Yagwa da Kuseri. Kowane majiyyaci yana buƙatar lamba guda da za ta bi shi, a rubuce a katinsa da rajistar asibiti da kan kowane bidiyo, hotunan kuma su zauna a ma'ajiyar da hukumar lafiya ta jiha ke riƙe da ita, ta yadda ko an yi wa malamin canjin wurin aiki, ko shirin da ya kawo na'urar ya naɗe kayansa, wanda ya gaje shi zai buɗe ya ga yadda zuciyar wannan mata take wata shida da suka wuce da maganin da aka ɗora ta a kai.